Ta Yaro Kyau Take Yi: Tarken Zane-zanen Yaran Makarantar Honkawa ta Hiroshima

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce ta yaro kyau take yi, ba ta ƙarko. Da wannan ma'auni ne akasarin manya suke auna zanen da yaro ya yi: a karɓa, a yi murmushi, a sa masa albarka, in an jima a ƙunshe ƙosai da takardar. Idan kuwa zanen na yabon gari ne, wato an ce wa yaro ya zana abin da yake ƙauna a birnin haihuwarsa, to rainin ya fi haka, domin ana ɗaukarsa tamkar kirarin da aka sa yaro ya haddace, ya zo gaban baƙi ya rattaba ba tare da ya san ma'anarsa ba.

A wannan nazari za mu ɗora wasu zane-zane 48 a kan faifan tarke, waɗanda yaran makarantar firamare ta Honkawa da ke birnin Hiroshima na ƙasar Japan suka yi tsakanin 1947 da 1948. Mun zaɓe su ne saboda a nan matsalar yabon gari ta kai maƙura. Yaran sun zana birni mai furanni da bukukuwa a lokacin da birnin nasu yake toka da kangaye. Tambayar da za mu bi diddiginta ita ce: yabon da ya saɓa wa abin da ido yake gani, ƙarya ne, ko kuwa akwai wata gaskiya a cikinsa wadda ta cancanci a kira ta fasaha?

2.0 Asalin Zane-zanen

An gina Hiroshima ne a inda kogin Ota ya rarrabu kamar yatsun hannu kafin ya faɗa teku, saboda haka birni ne na rafuka da gadoji. Ɗaya daga cikin gadojin, mai suna Aioi, tana da siffar harafin T, kuma ita ce alamar da jirgin saman Amurka ya auna a ranar 6 ga Agusta, 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, sa'ad da ya saki bam ɗin ƙare-dangi. Kafin ƙarshen wannan shekara mutum wajen 140,000 sun halaka. Makarantar Honkawa tana dab da wannan gada, tazararta da inda bam ɗin ya fashe kimanin mita 400 ce kacal. Ɗalibai wajen 400 da malamai kimanin goma suka mutu. Ginin, da yake na kankare ne tun na 1928, bai faɗi ba, sai dai wuta ta cinye cikinsa, aka mayar da kangon wurin jinyar waɗanda suka jikkata. A watan Fabrairu na 1946 aka koma karatu a cikinsa da ɗalibai 45 da malamai huɗu. Da yawa daga cikin yaran da suka cika azuzuwan daga baya, waɗanda aka kwashe zuwa ƙauyuka ne tun kafin bam ɗin, suka dawo suka tarar babu gida, wasu kuma babu iyaye.

A can Amurka kuwa, cikin watan Nuwamba na 1946, jaridu suka buga hoton wasu manyan hafsoshin sojan ruwa a wani biki a birnin Washinton, suna yanka kek da aka yi wa siffar turnuƙun hayaƙin bam, don murnar kammala gwaje-gwajen da aka yi a tsibiran Bikini. Limamin wata majami'a ta birnin mai suna All Souls, wato A. Powell Davies, ya yi tir da hoton a cikin wa'azinsa. Labarin wa'azin ya kai kunnen Howard Bell, wani jami'in ilimi a hukumar mamayar Amurka a Japan, shi kuwa ya rubuto wa limamin yana bayyana masa halin da yaran Hiroshima suke ciki na rashin ko da fensir. Mutanen majami'ar da 'ya'yansu suka tara kayan karatu na kusan rabin tan, da fensira da fensiran kala da takardu da gam, suka aika. Tukuicin da yaran Honkawa suka mayar shi ne waɗannan zane-zane. An nuna su na ɗan lokaci, aka ajiye, aka manta, sai a shekarun 1990 aka sake gano su cikin akwati. Bayan an gyara su, a 2010 aka kai su Hiroshima aka baje kolinsu a makarantar da aka yi su, inda wasu daga cikin masu zanen, sun zama dattawa masu jikoki, suka tsaya gaban aikin ƙuruciyarsu. Shizumi Shigeto Manale da Bryan Reichhardt sun yi fim a kan wannan labari.

3.0 Jigo

Babban jigon zane-zanen shi ne daɗin zama a gari. Akwai yara suna wasa a filin makaranta. Akwai itatuwan sakura sun yi fure. Akwai tutocin biki da takardun nan da yara suke tayarwa sama da zare, suna shawagi a sararin samaniya mai shuɗi. Akwai zirga-zirgar ababen hawa a kan gada, da yarinya cikin kimono, wato rigar gargajiya ta Japan, da kuma hotunan da wasu yaran suka yi na fuskokin kansu. Mai kallo zai yi ta neman wuta ko gawa a cikinsu bai samu ba.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne bambancin wannan yabo da irin wanda manya suke yi wa gari. Kirarin gari, kamar yadda muka san shi a adabinmu na baka, yakan dogara ne da asali da sarauta da girma: wa ya kafa garin, wa ya ci shi da yaƙi ya kasa, ƙofofinsa nawa. Hiroshima ma tana da irin wannan abin tinƙaho, domin tana da fadar sarauta tun ƙarshen ƙarni na 16, kuma ta kasance babban sansanin soja. Amma ba a nan hankalin yaran ya tafi ba. Garin yaro shi ne inda ƙafarsa take takawa da abin da hannunsa yake riƙewa. Idan ya yabi gari, abin da ake yi a garin yake yabo, wato wasa da biki da tsallaka gada zuwa wani wuri. Saboda haka ne ma yaron da aka rushe wa birni yake da sauran abin yabo, alhali maroƙin da ya dogara da fada da ganuwa bakinsa ya mutu. Bam ya rushe hasumiyar fadar Hiroshima, amma bai hana yaro ɗaure takarda da zare ya jira iska ba.

Abu na biyu shi ne tushen hotunan. Wani masani Bafaranshe, Georges-Henri Luquet, a littafinsa na 1927 a kan zanen yara, ya nuna cewa yaro a wasu shekarun rayuwarsa abin da ya sani yake zanawa, ko da idonsa bai gan shi a lokacin ba. Shi ya sa yake zana gida ya nuna mutanen da ke ciki kamar bangon gilashi ne. Idan muka ɗauki wannan ra'ayi muka auna zanen Honkawa da shi, za mu ga cewa yaran sun haɗa abin da suke gani, kamar gada da abokan wasa, da abin da suka sani game da garinsu tun kafin ya ƙone. Unguwar da makarantar take, wuta ta share ta ƙaf, itatuwanta sun zama gawayi. Ke nan furen da ya cika takarda ya fi kusa da abin da aka tuna, ko aka gani a ƙauyen gudun hijira, ko aka yi fata. A wurin yaron, Hiroshima gari ne mai sakura, kuma toka baƙuwa ce da ta sauka, ba ita ce garin ba. Wannan hukunci ne a kan mene ne ainihin gari, kuma hukunci irin wannan shi ne aikin fasaha tun asali.

4.0 Salo

Salon zane-zanen ya ta'allaƙa ne a kan launi. An yi su da fensiran kala da fentin ruwa, launukan kuma masu haske ne, ba a yi musu rowa ba. Bai kamata mu wuce wannan da sauri ba, domin yaron da ya yi shekara biyu yana karatu a aji marar tagogi, ba shi da takardar kirki, ranar da aka danƙa masa akwatin kala, kalar kanta ta zama abin biki. Jan da ya shafa da shuɗin da ya cika sama da shi, rabinsu yabon gari ne, rabinsu kuma murnar samun abin shafawa.

Amma inda zane-zanen suka fi nauyi shi ne wajen alamtarwa, domin kusan kowane abu da yaran suka zaɓa yana da wata fuska ta biyu a tarihin birnin.

Mu ɗauki sararin samaniya. An umurci matuƙan jirgin su saki bam ɗin ne bayan sun ga wurin da idonsu, saboda haka garau ɗin da sama ta yi a safiyar 6 ga Agusta shi ya ba da Hiroshima. Kwana uku bayan haka, gajimare da hayaƙi suka rufe birnin Kokura, jirgin ya karkata zuwa Nagasaki. Shuɗin sama, a wannan birni, launin ranar mutuwa ne. Sai ga yara sun shimfiɗa shi a takarda, sun cika shi da tutoci da kayan wasa, sun mayar da sama wurin da abu yake tashi daga hannun yaro, bayan ta kasance wurin da abu ya faɗo.

Haka gada take. Ita ce aka auna, kuma daga gadoji da gaɓar rafuka ne dubban mutanen da wuta ta ƙona suka faɗa ruwa. A zanen yaro kuwa gada ta koma aikinta na haɗa unguwa da unguwa. Wannan ma ba mafarki ba ne gaba ɗaya, domin taragon lantarki na cikin gari ya koma aiki a wani yanki na birnin kwana uku kacal bayan bam ɗin, kuma mutanen Hiroshima suna ambaton haka har yau da alfahari.

Sai kimono. A shekarun yaƙi an matsa wa mata su bar kwalliya su sa wandon aiki. Bayan yaƙi, yunwa ta sa mutanen birane suka riƙa kai rigunansu ƙauye suna musanya su da shinkafa da dankali. Har ila yau, ɗaya daga cikin sanannun hotunan da aka ɗauka bayan bam ɗin, na wata mata ne wadda zafin hasken ya buga zanen kimononta a fatar bayanta, saboda baƙin zare ya fi farin jan zafi. Yarinyar da aka zana cikin kimono mai ado tana tsaye ne a kan duk wannan.

Ba muna cewa yaro ɗan shekara takwas ya zauna ya tsara waɗannan alamu da gangan ba ne. Matarkin da ya ce haka ya ɗora wa yaro rawanin da ya fi kansa. Yaron ya zana abin da yake so ne kurum. Tarihin wurin ne ya ba kowane abu nauyi na biyu, kuma aikin mai nazari shi ne ya riƙe fuskokin biyu tare, kada ya saki ɗaya.

5.0 Shirun da ke Cikin Zanen

Akwai suka mai ƙarfi da za a iya yi wa duk abin da muka faɗa, kuma wajibi ne mu ba ta haƙƙinta. Tun ranar 19 ga Satumba, 1945, hukumar mamaya ta kafa dokar tace labarai, wadda ta sa maganar ɓarnar bam ɗin ta zama abin tsoro a jaridu da littattafai. Littafin John Hersey a kan Hiroshima, wanda ya girgiza Amurka a 1946, bai fito da harshen Japananci ba sai 1949. Akasarin mutanen Japan ba su ga hotunan waɗanda bam ɗin ya ƙona ba sai a watan Agusta na 1952, bayan mamaya ta ƙare, sa'ad da mujallar Asahi Graph ta buga su. Bugu da ƙari, zane-zanen tukuici ne, kuma ga mutanen ƙasar da ta jefa bam ɗin za a aika su. Wane malami ne zai bar yaro ya gode wa mai kyauta da hoton gawa? Ke nan mai suka zai ce shirun nan na manya ne, an ɗora shi a hannun yara.

Wannan suka tana da tushe, musamman idan muka tuna cewa hannun yaran Japan ya saba da jagora. A 1919 wani mai zane, Yamamoto Kanae, ya fara fafutukar a bar yara su zana abin da suka gani da kansu maimakon kwafar hotunan littafi, amma da yaƙi ya zo sai aka koma sa su zanen jirage da sojoji. Bayan an sha kaye kuma, aka sa yaran su shafe shafukan yabon yaƙi na littattafansu da tawada. Yaron da aka koya wa abin da zai zana jiya, aka koya masa abin da zai shafe yau, ba abin mamaki ba ne idan ya san abin da ba a so ya nuna wa baƙo.

Mun yarda da rabin wannan magana. Zane-zanen Honkawa ba shaida ba ne a kan abin da bam ya yi, kuma duk wanda ya ɗauke su hujjar cewa miki ya warke cikin shekara biyu, ko cewa yaran sun yafe, ya ci amanarsu. Wannan haɗari yana nan tattare da yadda ake ba da labarinsu a matsayin labarin sulhu, domin mai kallo a Amurka yana iya samun sanyin zuciyar da bai biya kuɗinsa ba.

Inda muka rabu da mai suka shi ne nan: dokar tace labarai tana iya bayyana abin da babu a takardar, amma ba ta bayyana abin da ke akwai. Hukuma tana iya hana yaro zana wuta, malami yana iya cewa a yi abu mai kyau, amma babu ɗayansu da zai zaɓa masa wasan da ya fi so, ko ya sa shi ya dage yana cika furanni ɗaya bayan ɗaya. Yabon da aka tilasta kamanninsa ɗaya ne, kowa tuta, kowa fada. A nan kuwa kowane yaro da inda ya dosa, har wasu suka ga cewa abin da ya fi cancanta a aika daga Hiroshima shi ne fuskarsu. Hoton kai a cikin tarin hotunan gari yana cewa mai zanen ma wani yanki ne na garin, kuma yana nan da ransa. A makarantar da ta rasa ɗalibai 400 a safiya ɗaya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

6.0 Kwatanci da Wasu Ayyuka

Za mu ƙara fahimtar matsayin zane-zanen idan muka jera su da abin da ya biyo baya. A 1951 wani malamin jami'a, Osada Arata, wanda shi ma bam ɗin ya rutsa da shi, ya tattara rubuce-rubucen yaran Hiroshima fiye da dubu, ya buga 105 daga ciki. Sa'o'in masu zanen Honkawa ne, amma da aka tambaye su abin da suka gani, sun faɗe shi ba tare da sakaya ba. A 1974 wani dattijo, Kobayashi Iwakichi, ya kai wa gidan talabijin na NHK zanen abin da ya gani a wata gada ranar bam ɗin, daga nan aka yi kira, waɗanda suka tsira suka aiko da zane fiye da 2,000, cike da wuta da gawarwaki. Tun daga 2007 kuma ɗaliban makarantar sakandare ta Motomachi suke zama da tsofaffin da suka tsira, suna mayar da abin da suka ji daga bakinsu zuwa zane.

Waɗannan ayyuka ba su ƙaryata na Honkawa ba. Amsoshi ne ga tambayoyi dabam-dabam. An tambayi wasu me ya faru da garinku, aka tambayi wasu mene ne garinku. Wanda ya kalli zanen wuta kaɗai zai san yadda birnin ya mutu, amma ba zai san abin da aka rasa ba, domin ba a auna asara sai da sanin abin da ake ƙauna. Wanda kuma ya kalli furanni kaɗai zai fita da murmushin da bai dace ba. Sai an jera su ne kowanne yake samun cikar ma'anarsa.

Wani abin lura shi ne yadda birnin ya zo ya yi kama da zanen. A bayan bam ɗin an yi ta yaɗa cewa ko ciyawa ba za ta tsiro a Hiroshima ba sai bayan shekara 75. A 1949 aka yi dokar sake gina ta a matsayin birnin zaman lafiya, a 1958 aka sake gina hasumiyar fada, yau kuma mazaunanta sun haura miliyan ɗaya, ɗaruruwan itatuwan sakura suna fure a gaɓar rafin da ke tsallaken makarantar. Zane bai gina gari ba, amma masu zanen suna cikin zuriyar da ta gina shi, kuma tun suna yara sun riga sun san irin garin da suke nufi.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa yabon da yaran Honkawa suka yi wa birninsu ya saɓa wa abin da ke gaban idonsu, amma bai saɓa wa abin da suka sani ba. Mun kuma ga cewa akwai hannun manya a cikin shirun zane-zanen, sai dai zaɓin abin ƙauna na yaran ne. Ƙimarsu ta fasaha tana cikin wannan zaɓi, da kuma nauyin da tarihin wurin ya ɗora wa sama da gada da riga.

Daga nan akwai darasi ga duk mai sa yara zanen garinsu, ko a gasar makaranta ne ko a sansanin waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, irin yaran da suka baro Bama da Gwoza a 2014. Kada a ba yaro jerin gine-ginen da zai zaɓa daga ciki, domin abin da za a samu kirarin manya ne da hannun yaro. Kada a auna aikinsa da yawan kamarsa da hoton kyamara. Idan ya zana kasuwar da ta ƙone tana ci, kada a ce ya yi kuskure, a tambaye shi wa yake sayar da me a cikinta. Sa'an nan a rubuta shekarunsa da ranar da ya yi zanen a bayan takardar, a adana ta inda ruwa da gara ba za su kai ba. Takardun Honkawa sun yi shekara wajen hamsin a ajiye ba mai waiwayarsu, suka fito da launinsu, har masu su suka gane hannunsu bayan shekara sittin da 'yan kai. A nan dai karin maganar da muka fara da ita ta faɗi rabin gaskiya ne: ta yaro ta yi kyau, ta kuma yi ƙarko, saboda an sami wanda bai ƙunshe ƙosai da ita ba.